Takardar Gonar Malam Amiru

Duk wanda ya taɓa buƙatar a buga masa takarda a garin Isa ya san shagon Sodangi. Ɗaki ɗaya ne a kan hanyar da ta tashi daga tashar motocin Sakkwato ta nufi sakatariya, da rumfar kwano a gabansa, da benci biyu da yawan zama ya sa suka yi santsi. Babu allon suna a jikinsa. An taɓa rubuta masa ɗaya, iska ta tafi da shi a wata damina, bai kuma sa wani ba, don a cewarsa wanda bai san shagon ba, ba shi da takardar bugawa ne.

Sodangi ya ba wa sittin baya da kaɗan. Ɗan manomi ne, a nan cikin gari aka haife shi, kuma iyakar karatunsa na boko firamare. Yana saurayi wani tsohon akawu ya ɗauke shi yana share masa tebur, a nan ya koyi taɓa tafireta. Da akawun ya gaji ya koma gida, sai ya bar masa keken rubutun. Shekara ashirin da wani abu Sodangi ya yi a gindin dogon yaro kusa da kotu, tebur a gabansa, tafireta a kan tebur, mutane a layi. Takardar neman aiki, takardar hayar shago, wasiƙa zuwa ga ɗa da ke Legas, takardar rabon gona, duk ta hannunsa suke bi.

Saurin hannu ba shi ne ya sa mutane suke zuwa wurinsa ba, don akwai waɗanda suka fi shi sauri. Kunnensa suke bi. Manomi zai zauna ya ɗauko magana tun daga kakansa, ya bi ta shekarar fari, ya ratsa ta auren ƙanwarsa, kafin ya iso ga abin da ya kawo shi. Sodangi ba ya katse kowa. Yana saurare, yana ɗan gyaɗa kai, in an gama ya tsince abin da ya kamata ya hau takarda, ya buga, ya karanta wa mai ita sau biyu da babbar murya. Sai mutum ya ce haka yake nufi, sannan a kawo tawada a dangwala yatsa.

A zamanin tafireta ba ya buga komai sai da takardar kabon a ƙarƙashi. Ta sama mai ita ya tafi da ita, ta ƙasa Sodangi ya ɗaure ta cikin damin wannan shekarar da igiyar rama, ya jefa a akwatin ƙarfe. Mutum zai dawo bayan shekara bakwai ya ce tasa ta faɗa ruwa, Sodangi ya kwance dami ya zaro masa. Daga nan ne magana ta bazu har ƙauyuka cewa takarda ba ta ɓata a hannun Sodangi. Bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, amma in an faɗa a gabansa ba ya musawa, sai dai ya gyara hularsa.

Rayuwarsa ba ta da yawan hayaniya. Yana da mata ɗaya, Tani, da 'ya'ya da suka girma suka kama gabansu, da 'yar gonar gero a bayan gari da yake nomawa da kansa. Da hantsi ya buɗe shago, da azahar a aiko masa da fura, in babu aiki ya kunna rediyo ya miƙe ƙafa a rumfa. Motocin da ke tashi Sakkwato suna wucewa ta gabansa kullum, shi kuwa zai iya ƙirga zuwansa birnin da yatsun hannu.

Kwamfuta ta shigo shagon shekara goma sha biyu da suka wuce, bayan da kintinkirin tafireta ya fara wuyar samu. Ya koye ta yadda ya koyi noma, da kallo da maimaitawa. Har yau dukan maɓallan yake yi kamar na tafireta, har haruffan sun goge, sai shi kaɗai ya san inda kowanne yake. Kuma tun da aka ce masa kwamfuta tana riƙe abin da aka buga, ya daina sayen kabon.

Ya tsara aikinsa yadda ya ga ya fi sauƙi. Kowane irin takarda yana da fayil guda: ɗaya sunansa HAYA, ɗaya NEMAN AIKI, ɗaya GONA. In mai gona ya zo, sai ya buɗe GONA, ya tarar da takardar mutumin da ya zo na ƙarshe, ya goge suna da iyakoki da shaidu, ya zuba na sabon mutum, ya buga a firinta, ya danna ajiyewa. Bismillar da ke sama da jimlolin da ba sa canzawa suna nan, ba sai ya sake wahala ba. A ransa, duk wanda ya goge yana nan a ƙarƙashi, kamar yadda kabon ke kwanciya kan kabon. Bai taɓa dubawa ba, don tun zuwan injin fotokwafi mutane kan tafi da kwafi biyu ko uku, ba wanda ya dawo nema.

Sai a bazarar bana, ana saura kaɗan ruwa ya sauka, wasu mutum biyu daga Tozai suka yi sallama a rumfarsa. Namijin dogo ne, ana kiransa Abdurra'uf, macen ƙanwarsa ce, Halimat. Da suka ambaci mahaifinsu, marigayi Malam Amiru, Sodangi ya tuna shi: ɗan gajeren tsoho mai ɗingishi da ba ya rabuwa da sanda.

Abdurra'uf ne ya yi bayani, ƙanwar tana cike masa inda ya tsallake. Wajen shekara biyar da suka wuce, tun yana da rai, mahaifinsu ya raba babbar gonarsa biyu, gabas ya ba Halimat, yamma ya ba Abdurra'uf, ya zo nan aka buga takarda, ya dasa gamba a kan iyaka. Shi dai ya ci gaba da kula da noman duka biyun, in an yi girbi ya aika wa kowa dammunansa. A lokacin Abdurra'uf yana fataucin kaya tsakanin Isa da Maraɗi, ba kasafai yake taka gonar ba, ita kuma tana ɗakin mijinta. Bayan rasuwar tsohon zama ya yi wuya a ƙauye, suka taso cikin gari kamar yadda mutane da yawa suka yi, damina biyu gonar tana kwance. Yanzu sun koma. Gambar da ke kan iyaka dabbobi sun cinye, wuta ta bi ta kan saura. Takardar kuwa tana cikin akwatin Halimat da ta bari a ɗaki, gara ta shiga ta mai da ita gari.

Ba faɗa suke yi ba, ko zamansu a benci ɗaya ya nuna haka. Amma abin da kowannensu ya riƙe ya sha bamban. Abdurra'uf ya ce da kunnensa ya ji tsohon yana cewa iyaka ta tashi daga itacen aduwa ta miƙe zuwa suri. Halimat ta ce ita abin da ta sani shi ne gonarta tana da baki a burtali, hanyar shanun da ta bi arewacin gonar daga yamma ta karkace kafin suri, don ta nan ake fito mata da hatsi. In aka bi ta suri kuwa, gonarta ba ta taɓa burtali ba. Mijinta ya rasu a cikin shekarun nan, wannan gonar ce abincin 'ya'yanta huɗu, kuma ba ta son ta fara shuka da zargi a ran yayanta ko a nata. Sun yi magana a gida sun daidaita: abin da takarda ta ce, shi ke nan.

"Shi ya sa munka zo, Baba Sodangi," in ji Halimat. "A sake buga muna ita kahin ruwa ya sauka."

Sodangi ya ce wannan ba wani aiki ba ne, su gyara zama. Ya juya ga kwamfuta ya buɗe GONA. Sunan da ya gani na wani mutumin Tsamaye ne da ya zo shekaranjiya. Ya gangara ƙasa yana neman na ƙarƙashi. Shafi ɗaya ne, daga shi babu wani. Ya hau sama, ya sake gangarowa. Ya rufe, ya sake buɗewa, mutumin Tsamaye dai. Ya zauna yana lissafin yawan mutanen da ya goge da hannunsa a shekara goma sha biyu.

Bai ɓoye musu ba. Ya ce takardar ba ta inda yake zaton tana nan, kuma kuskuren nasa ne, su ba shi zuwa gobe da hantsi. Abdurra'uf ya ce Allah ya kai mu. Halimat kuwa da ta fita rumfa sai ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda hadari ya kwana biyu yana haɗuwa yana watsewa.

Mutum ɗaya Sodangi ya sani da zai iya tambaya, kuma ita ce wadda ya fi ƙin tambaya. Maimunat taubashiyarsa ce, 'yar ƙanen mahaifiyarsa, ita ke riƙe da bayanan marasa lafiya a kwamfutar wani asibiti a garin. Tun suna yara suke gardamar wane ne bawan wani, har yau ba a yanke ba. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya same ta a ofis tana cin gyaɗa.

"Bawana da kansa," ta ce. "Mi yaf faru? Firintar ta sake cinye maka takarda?"

Ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Ta ce ai fuskarsa ta riga ta faɗa, ya zauna. Da ya gama bayani sai ta ajiye gyaɗar, ta sa ya maimaita mata yadda yake yi, a hankali, don ta tabbata ta ji daidai. Ya maimaita. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi, ta ce shekara goma sha biyu yana shara yana zaton tari yake yi. Ya bar ta ta gama. Sannan ta tambaye shi ko ɗan baƙin akwatin nan da ta maƙala masa a bayan kwamfuta yana nan.

Yana nan. Shekara shida da suka wuce, lokacin da kwamfutar ta taɓa ƙin tashi aka kai ta gyara, Maimunat ta zo da wani abu kamar sabulun wanka girmansa, da 'yar igiya, ta soka a baya. Ta ce masa maganin wutar janareto ne, ranar da ya cire shi kwamfutar za ta ƙone. Tun daga ranar bai taɓa shi ba, sai dai ya kaɗe masa ƙura.

"Ƙarya niy yi maka," in ji Maimunat. "Da na ce maka ma'ajiya ta, da ka cire ka ba wani ya zuba waƙoƙi. Na san halin bawana."

Ta yi masa bayani a hanya, suna tafe zuwa shagon bayan la'asar. Akwatin ma'ajiya ce, kuma ta kunna wata manhaja a kwamfutar da ke leƙa fayilolinsa kowace sa'a. Duk fayil ɗin da ta ga an canza, sai ta ɗauki kwafinsa yadda yake a lokacin ta kai akwatin, ta rubuta rana da lokaci, ba tare da ta taɓa na jiya ba. Ta ce a ofis nasu yana tafiya ta intanet ne zuwa wata ma'ajiya mai nisa, amma shi ta zaɓa masa na hannu, don ta san yadda sabis yake a garin, yau akwai, gobe babu. Abin da ya goge kafin shekara shida ya tafi, wannan sai haƙuri. Abin da ya biyo baya, in akwatin bai lalace ba, yana nan.

A shago ta ture shi daga kujerarsa ta zauna. Ta nuna fayil ɗin GONA, ta danna ɓangaren dama na mawus, ta zaɓi inda ake ganin tsofaffin kwafi. Kwamfutar ta yi jim kamar mai tunani, ɗan akwatin ya yi ƙara ƙasa-ƙasa, sai ga jerin ranaku ya sauko, layi bisa layi, ta ja ƙasa bai ƙare ba. Ta buɗe ɗaya daga tsakiya. Takardar wani mutum ce da Sodangi ya halarci jana'izarsa shekara uku da suka wuce, ga sunansa, ga gonarsa da ke bakin gulbi, ga shaidunsa. Sodangi ya jawo benci ya zauna kusa, ya ce alhamdu lillahi a hankali.

Maimunat ta gargaɗe shi da abu ɗaya. Akwai maɓallin da in ya danna, tsohuwar takarda za ta hau kan ta yau ta danne ta. Kada ya kusance shi. Ya buɗe kawai, ya duba, in ita ce ya ajiye ta gefe da sabon suna. Ta sa ya yi da hannunsa sau uku tana kallo, tana ce masa ya rage duka, mawus ba jaki ba ne.

Saura gano ranar. Jerin ya haura ɗari huɗu, kuma duk sunansu ɗaya, GONA, sai kwanan wata na Bature da ya bambanta su. Sodangi ba ya riƙe abu da irin wannan kwanan wata. Ya san dai da zafi tsohon ya zo, don ya tuna ya ba shi ruwa. Maimunat ta ce wannan bai rage komai ba, a Isa yaushe ne babu zafi. Suka bar shi sai masu gona sun zo.

Washegari da hantsi Halimat ce ta warware. Ta ce tana da tsohon cikin autanta lokacin, don ta tuna mahaifinta ya kawo mata takardar har ɗaki saboda ba ta iya fita, kuma ba a yi sati uku ba ta haihu, tsakanin sallar azumi da ta layya. Yaron bana yake cika biyar. Maimunat, wadda ta ɗauki izini daga ofis don ta ce ba za a yi wannan kallo babu ita ba, ta duba waya ta gano watannin da hakan ya faɗa a wannan shekarar. Jerin ya dawo ashirin da 'yan kai.

Sodangi ya riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunan da ke sama. Kusan kowane suna sai wani a cikinsu ya san mai shi: wannan ya koma Sabon Birni, wannan ya sayar ya sayi babur, wannan Allah ya yi masa rasuwa. A na goma sha ɗaya ya tsaya, ya gyara tabarau, ya karanta: Ni Amiru, mazaunin Tozai, ina cikin hankalina da lafiyata. Halimat ta sunkuyar da kai. Abdurra'uf ya matso.

Takardar ta ce iyaka ta tashi daga itacen aduwa da ke kudu, ta miƙe arewa zuwa suri. Gabas na Halimat, yamma na Abdurra'uf.

Abdurra'uf bai yi murna a fili ba, ya dai ce haka ya ji. Halimat ta ce to, ta yarda, tun da ga shi a rubuce, wataƙila ita ce ta ruɗe. Ta fara gyara mayafi za ta tashi. Sodangi ya riga ya kai hannu zai tura wa firinta, sai idonsa ya sauka ƙasan shafin. Wurin sunayen shaidu babu kowa, layuka uku ne a buɗe. Shi kuwa bai taɓa barin takardar gona ta fita shagonsa babu sunan shaidu ba.

Ya ce su dakata. Ya rufe, ya buɗe na gaba. Wani ne daban. Na gaba da shi ma wani ne. Na uku, mai kwanan wata kwana shida bayan na farko, sai ga Malam Amiru ya sake fitowa.

Yana ganinta abin ya dawo masa. Ranar farko tsohon shi kaɗai ya zo, aka buga, aka karanta masa, ya ce a bari zai je ya dawo da shaidu. Da ya dawo ranar kasuwa da mutum uku, ya ce a sake, ya kwana yana juya abin. Da yake an riga an goge tasa da ta wasu, sai da ya sake faɗa daga farko. Sodangi ya ba su wannan labari yadda ya tuna shi, sannan ya karanta ta biyun: daga itacen aduwa a yi taku goma sha biyar yamma, daga nan iyaka ta miƙe arewa har ta faɗa burtali, domin Halimat ta samu mafita, kada amalankenta ya riƙa ratsa shukar ɗan'uwanta. A ƙasa ga sunayen shaidu uku. Biyu sun rasu, na ukun, Malam Ubaidullahi, maƙwabcin gonar, yana nan da ransa.

Sodangi ya ce shi ba alƙali ba ne, zai buga musu duka biyun da kwanan watansu, amma abin da ya sani shi ne ta biyun aka dangwala wa yatsa a gabansa.

Abdurra'uf ya karɓi takardun biyu yana kallon wannan yana kallon wancan. Can sai ya yi murmushi ya girgiza kai.

"Wato ranar da yag gaya mini, daga nan shagon yat taso," ya ce. "Ni kuma washegari na wuce Maraɗi. Tsoho ya canza magana ban nan." Ya miƙa wa ƙanwarsa ta biyun. "Riƙe, taki ta. Ni da kaina da na ga amalanke cikin gerona da mun ɓata."

"Yaya, in kana ganin..."

"Ba ni ganin komi. Baba ya riga ya gani."

Suka roƙi Sodangi ya zo Tozai a yi abin a gabansa, tun da bakinsa ne ya karanta wa tsohon. Ya so ya ƙi, Maimunat ta ce ya je, shago ba zai gudu ba, kuma ko ba komai iska ta buge shi. Kafin ta koma ofis ta tsaya a kansa sai da ya ajiye takardar da sunan Amiru Tozai, ta ce daga yau kowane mai gona da fayil ɗinsa, in ta sake ganin GONA tsirara za ta kai ƙararsa wurin Tani. Ya ce ya ji, ta tafi ta ba mutane wuri. Amma da ta juya baya ya ce Allah ya yi mata albarka, da ƙarfin da zai sa ta ji.

Da safiyar jibi ya hau bayan babur ɗin Abdurra'uf. Sun tarar da Halimat a gona, da wakilin mai gari, da Malam Ubaidullahi zaune a kan buhu, tsoho tukuf amma idonsa garau. An karanta masa takardar, ya ce haka aka yi, shi ne ma ya riƙe wa Amiru igiya ranar da ya dasa gambar, sai dai yanzu da ƙasa ta zama fili ɗaya ba zai iya nuna wurin da yatsa ba. Aduwar an sare ta a shekarun da babu kowa, amma kututturen yana nan, baƙi, ya kai gwiwa.

Abdurra'uf ya sa diddige a jikin kututturen ya fuskanci yamma, ya fara takawa yana ƙirgawa a fili. Da ya kai sha biyar ya tsaya ya kafa sanda. Malam Ubaidullahi ya yi dariya har da tari, ya ce wannan takun raƙumi ne, Amiru bai taɓa yin irinsa ba ko yana saurayi, yaro yana cutar kansa. A sa Halimat ta taka, ita ce ta ɗauko tsawon ubanta. Halimat ta ji kunya ta ce a'a, sai da yayanta ya ce ta taka mana. Ta taka sha biyar, ta tsaya nesa kaɗan kafin sandar, tazarar ba ta fi faɗin kunyar huɗa uku ba.

Wakilin mai gari ya tambaya wanne za a ɗauka. Halimat ta ce nata, shi ne na gaskiya. Abdurra'uf ya ce shi ya riga ya kafa sanda, ba ya cirewa, rana tana yi. Suka ɗan ja, kowa yana tura wa ɗan'uwansa kunya ukun, har Malam Ubaidullahi ya gaji ya ce a raba tsakiya a huta, tun da takarda ba ta faɗi ƙafar wa ba. Sodangi ya ce wannan gaskiya ne, kuma laifin mai bugawa ne da bai tambaya ba. Aka dawo da sandar tsakiya.

Daga nan aka ja igiya arewa. Ta bi ta yammacin suri, ta wuce, ta faɗa burtali, ta bar wa gonar Halimat baki mai faɗin da amalanke zai shiga ya juya. Abdurra'uf ya kwance damin saiwar gamba da ya ɗauro a babur, ya kama haƙa yana bin igiyar, ƙanwarsa tana binsa tana sa saiwa tana taka ƙasa. Sodangi ya zauna kusa da tsohon a inuwar kalgo, ya fito da biro, ya rubuta a bayan takardar abin da aka yi yau da sunayen waɗanda suka gani, don in ya koma shago ya buga.

Kafin su kai rabin layin iska ta juyo daga gabas da ɗan sanyi. Halimat ta miƙe ta dubi sama, ta ce wa yayanta in ya shiga gari ya biya ya karɓo mata sungumi a wurin maƙeri, irinta yana nan a shirye, gobe da sassafe za ta fara daga bakin burtali.